Nauyin Goggo a Buhun Gero

Makon jiya 'yan gwangwan suka zo suka yanka motar maigidana, Allah ya jiƙansa. Ina zaune a ƙofar ɗakina ina jin kukan injin nan nasu mai tartsatsi, wanda yake cin ƙarfe kamar ana yanka kabewa. Kafin a kira la'asar sun gama da abin da ya ci wa maza biyu damina huɗu. Ban hana ba. Ɗana ne yake son filin, zai yi wa iyalinsa ɗaki, kuma da gaskiyarsa, motar ta daɗe da zama gidan kaji da ƙadangaru, tsatsa ta cinye ta har kana iya zura hannu ta ƙofa ba ka buɗe ba. Sai dai da suka kifar da gindinta na ce a kama ni a kai ni. Suka ce, "Hajiya, me za ki gani a nan? Ai duk ya ruɓe." Na ce ku dai kai ni. Na sa sanda na nuna musu wasu kunnuwan ƙarfe guda biyu a can baya, sama da inda ƙafafun suke a da, na ce wa babbansu ya buga da guduma. Ya buga, ya ƙara, ya tsaya yana kallona. Ko gezau ba su yi ba. Na ce masa, to ka gani, da bayana aka auna wurin da aka kafa waɗannan, ni da ban taɓa leƙa aji ba.

A zamanin da na zo Fadaman Mada sunanta bai yi ƙarya ba, fadama ce ta gaske. Rake da kuɓewa har bakin danga, gidaje a warwatse, in ka tsaya a ƙofarmu kana hango duwatsu babu abin da ya tare maka ido. Da sassafe taɓarya kunne yake fara ji, ta gidan nan ta kira, ta gidan can ta amsa, kuma kowace mace ana gane dakanta, ana sanin wadda ta tashi da fushi da wadda aka yi wa ɗinki jiya. Yanzu in na farka janareta nake ji da hon ɗin masu keke, gero kuwa a leda ake sayo shi daga kasuwar Muda Lawal, an surfe an niƙe, turmi ya zama kujerar wanke-wanke. Amma gidanmu ko a wancan lokacin kiɗansa daban ne. A tsakar gida taɓarya, a ƙofar gida guduma.

Maigidan nawa ɗan Goggona ne, ƙanwar mahaifina, tare muka tashi a ruga can bayan Zungur. Wata shekara ciwo ya shiga garken ubansa ya share shi tas, bai bar musu komai ba sai dangwali, igiyar nan da ake ɗaure maruƙa. Uban bai daɗe ba ya bi shanunsa. Shi kuma ya kama hannun uwarsa suka shigo Bauchi, ya koyi kanikanci, da ya tsaya da ƙafarsa ya koma ya ɗauko ni. Bafillatani kwance a ƙarƙashin mota, baƙin mai har gira, a lokacin abin a tsaya a kalla ne. Abokin aikinsa wani mai walda ne mutumin Bogoro, gajere kakkaura, Baban Ladi ake ce masa. Ran Lahadi ba ya taɓa ƙarfe, yana coci. Ran Juma'a maigidana ba ya taɓawa sai an sauko. Sauran kwana biyar suna tare suna gardama. Shi yana ce wa maigidana Jauro, don tsokana, ni kuma Mai nono, kuma namiji da mace duk kai yake ce musu.

Wata rana aka kawo musu gyaran motar wani Kwara, irin Larabawan nan masu kanti, doguwa, mai launin man shanu, ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa. Da suka gama maigidana ya zaga gari da ita don gwaji. Ya dawo gida ya zauna, na ajiye masa fura bai ko dube ta ba. Can ya ce, "Ke, yau na shiga abin da yake tafiya ƙasa ba ta san yana tafiya ba." Kwana uku motar ta yi a wurinsu, kwana ukun nan yana rarrafe a jikinta da dangwalin ubansa. Ya auna tsawo ya ƙulla, ya auna faɗi ya ƙulla, tsakanin wannan ƙusa da waccan ya ƙulla, har igiyar ta cika da ƙulli kamar carbi. Babu takarda, babu hoto. Ya ce irinta zai ƙera.

Ku da kuka tashi kuka tarar da komai a waya ba za ku gane ba. Yanzu in abu ya lalace jikana yatsa yake gogawa a gilashi, wani daga wata duniya ya nuna masa. Su kuwa babu mai nuna musu, sai ido da igiya. Na ga an fasa durom an shimfiɗe shi, an ɗora a kan kututturen ɗorawa ana bugu tun hantsi, har ƙarfe ya yi kumatu kamar na motar Kwaran. Na ga Baban Ladi ya jiƙa dutsen nan mai wari, kabayid, ya kunna bakin tiyo, wata siririyar wuta shuɗiya ta fito tana huci, ya narkar da ƙarfe biyu suka zama ɗaya kamar yadda nake haɗa curin fura. Ni 'yar ruga, wadda ƙarfen da na sani shi ne wuƙa da allura, sai in ajiye tsintsiya in tsaya a bakin zaure in manta tuwo a wuta. Inji daga wata akori-kura da ta faɗi suka samo, da ƙafafunta. Kujeru wani baduku ya ɗinka da jan fata. Masu wucewa su tsaya su ce, "Jauro, yaushe saniyar taka za ta haihu?" Ya yi murmushi kawai. Damina huɗu ana wannan.

Goggo kuwa tana ɗakinta, gwiwoyinta sun daina ɗaukarta. Shekara biyu ni nake goya ta, da zane, kamar jaririya, in kai ta bayan gida, in kai ta rana, in dawo da ita inuwa. Ba ta so. Kullum sai ta ce, "Ɗiyar ɗan'uwana, ni na goye ki, yau an juya." Ran da na tafi barkar haihuwa maƙwabta, kunya ta hana ta aikawa a kira ni, ta lallaɓa bango da kanta. A bakin rijiya na dawo na same ta, ƙugu ya karye, ba ta yi ihu ba, tana cizon gefen mayafinta. Har yau in na tuna barkar nan sai na ji ɗaci a bakina. Mai ɗori ya zo ya ɗaure, ya kira maigidana gefe, amma na ji. Ya ce ƙashin tsohuwa ne, ya kama da ƙyar, ɗauka ɗaya ta rage mata. In aka jijjiga ta ya buɗe, ba zai sake haɗuwa ba, kuma azabar ba za ta bar ta ta kai mako ba.

Ita kuma tun daga ranar magana ɗaya take yi. Ku kai ni gida. A ruga take so ta ƙarasa, inda aka binne uwarta, ta ji kukan shanu ko ba nata ba ne. Ta daina barci, ta daina cin abin kirki. Ga shamuwa ta iso, gabas tana haɗa gira kowace yamma, kuma kowa ya san in aka yi ruwa biyu masu ƙarfi rafin da ke gaban rugarmu ya kawo, an rufe hanya ke nan sai kaka. Motar kasuwa kuwa ko mai lafiya ta ɗauka sai ya kwana biyu yana gasa jiki. Wani ya ce a ɗaura gado, maza su ɗauke ta a kafaɗa. Goggo ta ce, "Ba za a ɗauke ni a kafaɗa da raina ba." Maigidana ya fita ƙofar gida ya daɗe yana kallon motarsa. Ya ce, "Baban Ladi, mu ƙarasa ta."

Abin da ya rage shi ne baya. Bari in gaya muku yadda na fahimce shi, don na kalle shi da idona har na haddace. Ƙafafun baya biyu wata ƙatuwar sandar ƙarfe ce ta haɗa su, jikin mota yana zaune a kanta bisa sifirin. Sifirin shi kaɗai tsalle yake yi kamar ɗan akuya. Don haka ake sa wani abu kamar gora, mai dogon wuya da yake shiga ciki yana fitowa a hankali, shokazoba suke ce masa, shi yake shanye tsallen. Gindinsa a jikin sandar, kansa a jikin mota, a maƙale da kunnen ƙarfe. Sun sha canza shi a motocin mutane, amma kullum kunnen a wurinsa suke tarar da shi, masu ƙera motar sun riga sun kafa. Wannan karon su ne masu ƙerawa. Suka ɗauko dangwali, suka nemo ƙulli biyun da aka yi wa wurin a motar Kwara. Sannan, don su sami wurin kwanciya a ƙasa, suka shigo suka kwashe turamena biyu, suka ɗage gindin motar suka ɗora a kai, ƙafafun suna reto a iska. A haka suka auna, a haka suka like. Kwana biyu ina aron turmi a maƙwabta ina mita.

Ranar gwaji na fito karɓar turamena. Ina durƙushe ina jiran a zare su aka sauke motar, sai na ga wuyan goran nan ya shige ciki, ya shige, saura ɗan kaɗan. Baban Ladi ya faɗa baya ya zauna, sauran ma ya shige, babu wuya ko kaɗan. Ban ce komai ba, me na sani? Maigidana ya ce in ciko ƙwarya da ruwa a ajiye inda Goggo za ta kwanta. Suka tayar, unguwa duk ta fito, mata a kan danga. Ta tafi sumul, kyakkyawa, har na ji idona ya kawo ruwa. Sai ta taka ɗan kwararon da ruwa ya zaizaye a bakin gonar rake. Gau! Kamar an buga guduma a kan tukunya. Ƙwarya ta yi sama ta dawo babu komai a ciki. Mutane suka kwashe da dariya. Daga ɗaki Goggo ta ce, "Mene ne ya faɗi?" Na ce babu komai, Goggo.

Baban Ladi ya ce goran ne ya mutu, suka samo wasu suka sa. Gau. Ya ce sifirin ne, suka ƙara ganye ɗaya. Gau. A rana ta uku aka yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi, ni kuwa ƙamshin nan da nake so tun ina yarinya ya zame mini abin tsoro. Na kai musu abinci na tarar da maigidana zaune a ƙasa, dangwali a hannunsa, yana bin ƙulli ɗaya-ɗaya. Ya ce, "Ban yi kuskure ba. Daidai na auna. Wallahi daidai na auna."

Na ajiye akushi. Na ce, "Lokacin da ka auna ta Kwaran, a kan turmi take?"

Baban Ladi ya ce, "Mai nono, kai ka koma wajen tukunyarka. Ka bar maza da ƙarfe."

Na ce, "To, Baban Ladi. Amma tashi ka taya ni ɗaukar ruwa tukuna."

Na ciko ƙwarya har baki, na naɗa gammo na ɗora masa a ka. Na ce ya sanƙarar da gwiwoyinsa ya tafi bakin danga. Taku uku ruwa ya bi masa wuya. Na ƙara cikawa, na ce yanzu ya tsuguna har ƙasa, ya tafi a tsugune. Ya yi tsalle ɗaya irin na kwaɗo, ƙwarya ta wanke shi, har maigidana da yake cikin baƙin ciki sai da ya dara. Na karɓa na cika na ɗora a kaina. Ni tun ban kai goma ba nake sauko da madara daga ruga zuwa kasuwar Zungur, ta kan duwatsu, kuma Goggon nan da ke kwance ita ta koya mini, da tsumagiya a hannunta. Na bi ta kan tarin ƙarafansu, na tsallake kwata, na juyo, ko ɗigo. Na ce, "Ku dubi gwiwata. Ba ta miƙe ba, ba ta naɗe ba, tana tsakiya, tana da wurin sauka tana da wurin tashi. Kuma ba na sanin tsakiyar nan sai kaya sun hau kaina. Ku kun ɗaure wa motarku gwiwa tana rataye a sama. Da ta taka ƙasa sai ta tsuguna. Mai tsugune ina zai ƙara sauka?"

Baban Ladi yana ɗigar ruwa ya rarrafa ƙarƙashin motar, ya daɗe, ya fito. Ya dubi maigidana ya ce, "Jauro, damina huɗu muna bugun ƙarfe, ashe injiniya yana cikin gida yana dama fura."

Suka yanke kunnuwan a take. Aka haƙa rami mai tsawon mutum, aka turo motar kansa, yadda za a shiga ƙarƙashinta tana tsaye da ƙafafunta. Aka cire tankin mai saboda wuta. Maigidana ya ce to a loda mata duk abin da za ta ɗauka ranar tafiya, kada a rage ko cokali. Aka cire kujerar baya aka shimfiɗa katifar rimi, aka sa akwatin Goggo mai likkafaninta a ciki, da ƙorenta, da tulun ruwa, da dutsen niƙa a madadin man da aka cire. Sai aka tsaya. Saura Goggo, ita kuwa ɗauka ɗaya ta rage mata, ba za a ɓatar da ita a gwaji ba. Baban Ladi ya ce a sa buhun siminti. Maigidana ya ce uwarsa ba ta kai ba. Baban Ladi ya ce to rabi. Maigidana ya ce bai sani ba. Ɗan da ta haifa bai san nauyinta ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Na ce a kawo mini buhun gero da mudu.

A tsakar gida na yi, a gaban ƙofarta, tana kwance tana kallo. Na zuba gero a buhu na ɗaure, na goya shi da zanen da nake goya ta, na miƙe, na taka zuwa bakin rijiya. Ya yi nauyi. Na sauke na ɗebe. Na sake goyawa, ya yi sauƙi, na ƙara. Sau biyar ko shida, maza biyu suna tsaye a bakin zaure suna jira. A na ƙarshe da na miƙe, ƙuguna ya amsa, ƙafata ta dama ta nemi wurin da take nema kullum, har na ji kamar numfashinta a wuyana. Na ce ita ce. Sannan na kwance bakin buhun na ƙara ɗebe mudu biyu, don tun da ta faɗi ba ta ci abin kirki ba.

Goggo ta ce, "Wannan ne ni?"

Na ce, "Ke ce, Goggo."

Ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Ko furar suna ba zai yi ba. Ku ajiye mini shi, kada a taɓa."

Aka kwantar da buhun a katifa, aka baje shi ya yi tsawon mutum. Na hau na zauna a gefensa inda zan zauna ranar, maigidana ya kama sitiyari. Motar ta yi ajiyar zuciya ta sauka, ta tsaya. Daga cikin rami Baban Ladi ya ce hagu ta fi dama sauka da yatsa biyu, in matsa tsakiya. Na matsa. Ya jawo wuyan goran rabi a waje rabi a ciki, ya ɗaure gindinsa kusa da taya, ya ɗaga kansa yana neman inda zai taɓa jikin mota. Suna ta magana ta ƙasan kujera. Maigidana ya ce kada ya kwantar da shi da yawa, kwantacce ba ya tare komai, ya ɗan jingina shi kawai, kamar makiyayi da sandarsa. Inda kan ya taɓa, nan Baban Ladi ya shata da alli, ɗani guda sama da tsohon wurin. Ya ce kada wanda ya motsa, ko ƙuda ya sauka a hancina in bar shi. Sai na ji hucin wutar nan a ƙarƙashina, na ga haske shuɗi yana fitowa ta ramukan ƙusa yana rawa a rufin motar, ɗumi yana ratso katifa. Na dafa buhun da hannu ɗaya kamar zai tsorata. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kafin nan ko bayansa. Ina zaune a kan wuta, a cikin abin da aka ƙera a ƙofar gidanmu daga durom da igiyar maruƙa, kuma ana kafa masa gwiwa da awon bayana. Na ce a raina, Allah, kai ka san ƙarfe, kai ka san ƙashi.

A gwaji na biyu ban yarda da ruwa ba, madara na cika, na riƙe a cinyata. Muka nufi kwararon gonar rake, na rufe ido ina jiran gau. Sai na ji motar ta sunkuya a hankali ta ɗago, kamar mace ta gaida surukinta ta wuce. Madara ta yi rawa ta taɓa baki ta koma. Baban Ladi yana gudu a bayanmu yana ihu, "Ya zube? Mai nono, ya zube?" Na ɗaga masa ƙwaryar.

Washegari bayan an karya muka ɗauke ta, mu huɗu da mai ɗori, a kan faifan ƙofa, muka zura ta a katifa inda buhun ya kwanta. Baban Ladi ya cire hula ya yi addu'a irin tasu, mai ɗori ya yi irin tamu. Muka fita ta kudu, hadari yana bin mu a baya. Maigidana yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai a tafin hannu. Da muka bar kwalta muka hau burji, sannan hanyar shanu, kowane dutse ina ganinsa tun daga nesa, sai motar ta lanƙwasa ta haɗiye shi. Ina riƙe da hannunta ina kallon fuskarta, ina jiran ta ciji mayafi. Can na ga idonta a rufe, bakinta ya ɗan buɗe, hannunta ya saki. Gabana ya faɗi. Na kai kunnena bakinta. Minshari take yi. Matar da ta yi kwana arba'in ba ta runtsa ba. Na taɓa kafaɗar maigidana na nuna masa, ya waiwaya sau ɗaya, bai sake ba, amma na ga yana share fuska da hannun riga. Muka gangara rafin, ruwa iya idon sawu, muka haura.

Muka tsaya a gindin tsamiyar rugarmu, ya kashe inji. Shirun ne ya tashe ta. Ta buɗe ido ta ga rufin mota, ta ga ni, ta ɓata rai. Ta ce, "Wai har yanzu ba mu tashi ba? Ku mutanen birni komai sai kun ɓata wa mutum rana."

Na miƙa hannu na buɗe ƙofa. Iska ta shigo da warin kashin shanu da hayaƙin ruga, wata saniya ta yi kuka a bayan bukka tana neman ɗanta. Goggo ta kasa kunne. Ta ja numfashi, ta ƙara ja. Sannan ta damƙe hannuna da ƙarfin da ban san ya rage mata ba. A yammacin ranar aka yi ruwan da ya rufe rafin, kwana goma muka yi kafin ya janye mu sami hanyar komowa.

Ƙugun bai buɗe ba. Ta ga damina har ƙarshe, ta sha madarar sabuwar ciyawa, ta ci sabon gero, ta rasu da kaka a bukkar da ke kallon kabarin uwarta. Buhun nan da ta ce a ajiye, shi muka kwance muka daka gumbar sadakarta. Ta ce ba zai yi furar suna ba, amma ya isa kowa, har Baban Ladi ya ƙulle wa iyalinsa a hula.

Motar ta yi shekaru tana yawo a Bauchi, ta kai amare, ta kai masu naƙuda asibiti, waɗanda suka yi ta dariya har da su a masu aro. Duk sun tafi, mai tuƙin da mai waldar da masu dariyar. Da na gama ba 'yan gwangwan labarin nan, babbansu ya tayar da injinsa ya yanko kunnuwan biyu, ya goge da rigarsa ya miƙo mini hannu bibbiyu. Suna nan a ƙarƙashin matashina. Da zan koma ɗaki ƙafa ta ƙi, matar ɗana ta durƙusa ta goya ni. Ta ce, "Hajiya, ai ba ki da nauyi ko kaɗan." Na ce mata, haka kike gani yanzu. Ki bar bayanki ya riƙe, akwai ranar da za a tambaye shi.